Yadda Ake Tsabtace Iskar Cikin Gida, Daga Murhu Zuwa Ɗakin Kwana

Idan ɗaki ya yi nauyi ko ya fara bashi, abin da akasari ake yi shi ne a ɗebo garwashi a kasko a zuba turaren wuta, ko a fesa turaren gwangwani. Ƙamshi zai tashi, amma abin da ke cikin iskar yana nan, har ma an ƙara masa hayaƙi. Gyaran iskar gida hawa uku ne, kuma a jere ake binsu: a fara kawar da abin da ke ɓata iskar, sannan a buɗe mata hanyar shiga da fita, daga baya a tace abin da ya rage. Wanda ya sayi na'urar tace iska alhali janareta na ruri a bakin tagarsa ya yi asarar kuɗinsa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma hayaƙin girki ne kan gaba. Abubuwa uku ya kamata ku sani. Na farko, ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, kai tsaye suke wucewa cikin huhu. Na biyu, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Na uku, danshi da fumfunar da yake haifarwa, masu tayar da asma da tari.

Kayan da za a tanada

- Bokiti biyu, mofa, da tsummoki masu laushi guda huɗu ko biyar
- Sabulun ruwa ko omo, da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik
- Safar hannu ta roba da takunkumin fuska, wanda ya fi kyau shi ne N95 ko KN95
- Soso na katifa da aka yanka siri-siri, ko robar liƙe ƙofa, da salatif mai faɗi
- Tsinken turare guda ɗaya da tocila mai ƙarfi, don gwaji
- Ƙararrawar kabon monoksaid mai batir, wato na'urar da ke ƙara idan wannan iskar ta taru
- Idan da hali: ƙaramin ma'aunin danshi, fankar zuƙe iska ta bango, da matatar iska

A cikin waɗannan duka, ƙararrawar ce kaɗai ba ta da madadi. Sauran ana iya yi musu dabara.

1. Zagaya gidan kafin a taɓa komai

Ku fita waje na minti goma, sannan ku dawo ku shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Hanci yana sabawa da warin gida, shi ya sa sai an fita an dawo ake jin gaskiyarsa. Ku duba bango da silin: baƙin kunkunniya alamar hayaƙi ne da ba ya samun mafita, tabo mai zagaye ko fenti da ya kumbura alamar ruwa ne. Ku ja wadirof da gado ku leƙa bayansu. Da dare a kashe fitila a haska tocila a tsakiyar ɗaki, za a ga yawan ƙurar da ke yawo.

Sai gwajin iska. A kunna tsinken turare a tsaya da shi a tsakiyar ɗaki, taga da ƙofa a buɗe. Idan hayaƙin ya karkata ya nufi wata kafa, iska na tafiya. Idan ya miƙe sama ya taru ƙarƙashin silin, ɗakin a toshe yake ko da yana da taga.

Akwai kuma alamar jiki: ciwon kai, ƙaiƙayin ido ko tari da ke lafawa idan mutum ya bar gida, ya dawo idan ya koma.

2. Janareta da gawayi

Wannan matakin ne ke ceton rai, don haka da shi ake farawa. Duk abin da ke ƙonewa, fetur ne ko gawayi ko kananzir, yana fitar da kabon monoksaid, kuma yana ƙaruwa idan iska ta yi ƙaranci. Jini ya fi kama wannan iskar fiye da iskar numfashi sama da sau 200. Shi ya sa mutum ke jin jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, kuma kwanciyar ce ke ƙarasa shi.

Janareta ba ta zama a ɗaki, ko a kicin, ko a zaure, ko a gareji, ko ƙarƙashin matakalar bene, ko a siririn lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko da ƙofa a buɗe take. A ajiye ta a fili, nesa da kowace taga da ƙofa da aƙalla mita 6, bakin salansa yana kallon waje. Ku tuna da tagar maƙwabci ma.

Abin da ke sa mutane shigar da ita ciki biyu ne: tsoron ɓarawo da tsoron ruwan sama. Maganin na farko kejin ƙarfe ne da kwaɗo, wanda mai walda zai haɗa a kafe shi a ƙasa. Maganin na biyu rufin kwano ne a saman kejin, gefe da gefe a buɗe. Idan tsakar gidan ta yi ƙanƙanta har mita 6 ba za ta samu ba, a kai ta mafi nisan kusurwa, a rufe tagogin wannan ɓangaren muddin tana aiki, kuma a kashe ta kafin a yi barci. Kada a bar ta ta kwana tana aiki saboda fanka.

Gawayi ya fi janareta yaudara, domin idan ya zama garwashi ba ya hayaƙi, sai a ɗauka ya zama lafiya. A lokacin ne ma yake ci gaba da fitar da gubar a ɓoye. A cikin hunturu ake yawan shigar da kurfoti ko kaskon wuta ɗaki, a rufe ƙofa a toshe taga da tsumma, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Kada a yi haka. A ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfa, idan za a shiga barci a bar wutar a waje. Don ɗumama shimfiɗa, a zuba ruwan zafi a gora mai murfi, a naɗe da zane a sa cikin bargo, nesa da jikin jariri. Ƙarin bargo, hula da safa sun fi kasko.

Ƙararrawar a kafa ta kusa da ɗakin barci, inda ƙararta za ta tashi mai barci. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, a duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta, domin na'urar cikinta tana mutuwa bayan wasu shekaru ko da batir sabo ne. Kuma a lura: ƙararrawar gobara daban, ta kabon monoksaid daban.

Idan mutum biyu ko uku a gida suka kamu da ciwon kai, jiri ko amai lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a kashe abin da ke ƙonewa, a buɗe ƙofofi, a tafi asibiti a faɗa musu hayaƙi ake zargi. Madara da manja ba sa fitar da wannan gubar daga jini. Iskar oksijin ake ba mutum, kuma a asibiti take.

3. Wurin girki

A nan ne mata da yara ke shaƙar mafi yawan hayaƙin. Mafi sauƙin gyara shi ne a fitar da murhun itace daga rufaffen ɗaki zuwa rumfa mai buɗaɗɗen gefe biyu. Idan dole a ɗaki za a yi, a fasa kafa biyu: ɗaya a sama kusa da rufi, daidai kan murhu, ɗaya a ƙasa a bangon da ke fuskantarta. Hayaƙi mai zafi sama yake tashi, taga a tsakiyar bango ba ta kwashe shi duka. Wanda ya fi wannan shi ne murhun laka mai bututu. Bututun ya zarce saman rufi, kuma a riƙa kakkaɓe kunkunniyar cikinsa, in ba haka ba zai toshe ya dawo da hayaƙin ciki.

Itace ya zama busasshe ƙarau. Ɗanye ko jiƙaƙƙe wani ɓangare na wutarsa a busar da kansa yake tafiya, kuma hayaƙinsa ya fi yawa. A faskara shi ƙanana, a jera a kan dutse ko katako don kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa kafin damina. Busasshen itace idan aka buga biyu da juna ƙara suke yi mai kaifi. A riƙa tura itace kaɗan-kaɗan, a kwashe toka kafin a hura sabuwar wuta don iska ta samu shiga ta ƙasa.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne hura wuta da leda, roba, tsohon silifa ko soson katifa. Hayaƙinsu guba ne tsantsa. Kara, busasshiyar ciyawa ko ƙiraruwa sun isa. Haka katakon da aka yi wa fenti, ba na girki ba ne.

Rage lokacin girki ma rage hayaƙi ne: a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a gama yanka da jajjage kafin a hura wuta. Kuma a sauke goyo. Yaron da ke bayan uwarsa yana shaƙar duk abin da take shaƙa, alhali numfashinsa ya fi nata sauri, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba.

Mai risho ya duba launin wutar. Shuɗiya ita ce daidai. Ja ko rawaya mai baƙanta gindin tukunya na nufin lagwani ya yi tsawo, ko ba a daidaita tsayinsa ba, ko ramukan gwangwanin sun toshe. A datse lagwanin su zo daidai, a goge ramukan. A kunna risho a waje, a kuma kashe shi a waje, domin lokacin kashewa ne ya fi fitar da hayaƙi mai yaji.

Gas ya fi su duka tsabta, amma shi ma yana buƙatar taga a buɗe ko fankar zuƙe iska mai fitarwa waje, musamman lokacin suya. A bar fankar tana aiki minti 10 zuwa 15 bayan an sauke. Don gano yoyo, a shafa kumfar sabulu a bakin tiyo da kan tukunyar gas. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan ne. Tiyon da ya yi tauri ko ya tsattsage a canza shi, ba a naɗe shi da salatif. Idan aka ji warin gas, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa har ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa.

4. Abubuwan da muke kunnawa da fesawa da kanmu

Maganin sauro na kunnawa ya fi yadda ake zato illa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa ɓurɓushin hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa ya kai na karan sigari 75 zuwa 137. Madadinsa gidan sauro mai magani da raga a taga. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a fara kwana ciki, hakan na rage ƙaiƙayin fuska da ke sa mutane jefar da shi. Idan babu makawa sai an kunna, a kunna kafin lokacin barci, babu kowa a ɗakin, sannan a kashe a buɗe taga.

Na fesawa kuma, a rufe abinci da ruwa, a fitar da yara, a fesa a rufe ɗaki gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan a buɗe tagogi na aƙalla rabin awa kafin a shiga. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwarin gona ba na ɗaki ba ne sam. An yi su ne don fili, kuma suna taɓa jijiyoyin mutum kamar yadda suke taɓa na ƙwaro.

Turaren wuta ba sai an daina ba. A rage garwashin, a turara ɗaki taga a buɗe na 'yan mintuna, a fitar da kaskon. Tufafi a turara su a waje. Kada a yi shi kusa da jariri ko mai asma. Sigari da shisha kuwa wajen gida ne wurinsu; buɗe taga ko komawa falo bai wadatar ba, hayaƙin na maƙalewa a labule da kujeru.

Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke bayan gida ko ruwan batir. Haɗin yana fitar da iskar da ke ƙona huhu, kuma a ƙaramin banɗaki nan da nan take cika wuri.

5. Buɗe wa iska hanya

Taga ɗaya ba ta isa ba. Iska na buƙatar mashiga da mafita, a bango daban-daban. Idan ɗakin taga ɗaya gare shi, a buɗe ƙofa, ko a ajiye fankar tsaye a bakin tagar tana hurawa waje, sabuwar iska za ta shigo ta ƙofa. Fankar silin juya iskar ɗaki kawai take yi, ba ta canza ta. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ma haka, iskar ciki take sanyayawa ta maido. Mai amfani da ita ya riƙa buɗe tagogi minti 15 safe da yamma, ya ciro ragar cikinta ya wanke duk bayan mako biyu, ta bushe kafin a mayar.

Lokacin buɗewa ya danganta da abin da ke waje. Gidan da ke bakin titi ya buɗe tagogin baya, ya guji lokacin cunkoson motoci. Idan ana ƙona bola a unguwa, a rufe har hayaƙin ya wuce.

Hunturu na da nasa hukuncin. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke Chadi. Ranar da hazo ya yi kauri, a rufe tagogin arewa da na gabas, a toshe kafofinsu da soso, a shimfiɗa naɗaɗɗen tsumma a ƙasan ƙofa. A shigo da iska ta tagogin kudu ko yamma, na ɗan lokaci. Rataya jiƙaƙƙen zane a jikin raga yana kama manyan ƙwayoyin ƙura, yana kuma rage bushewar hanci, amma ƙananan suna wucewa, kuma sai an wanke shi kullum. Duk ɗakin da aka toshe haka, haramun ne a kunna wani abu mai ƙonewa, kamar gawayi ko risho, a cikinsa.

6. Shara ba tare da tayar da ƙura ba

Busasshiyar tsintsiya tayar da ƙura take yi, ta yi yawo, ta sauka bayan an gama. A fara daga sama: fukafukan fanka, saman wadirof, ragar taga, duk da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan ƙasa da mofa, bokiti ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya. Daɓen ƙasa ko siminti a yayyafa masa ruwa kafin shara. Mai asma ya bar ɗakin har a gama.

Kafet mai gashi da aka manne bango zuwa bango ma'ajiyar ƙura ce, tsintsiya ba ta fitar da ita. Leda, tayil, tabarma ko dardumar da za a iya fitarwa a kakkaɓe sun fi. Zanin gado da rigar filo a wanke duk mako, da ruwan zafi idan akwai mai yawan atishawa. Katifa da filo a shanya a rana. Takalma su tsaya a bakin ƙofa.

Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbestos ne. Muddin lafiyarsa ƙalau, a ƙyale shi. Kada a kankare shi, ko a huda, ko a yanka da zarto; ƙurarsa ce ke jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru. Wanda ya fashe a jiƙa shi kafin a taɓa, kada a share ɓurɓushinsa a bushe.

7. Danshi da fumfuna

Danshin ɗaki ya fi kyau tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kada ya wuce 60. Abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, bayan haka fumfuna ta fara kamawa. Kafin damina a duba kwano, indararo da tiyon ruwa. Idan aka wanke fumfuna ba a gyara yoyon ba, za ta dawo.

Don wankewa: a buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi, a goge wurin da ruwan sabulu, sannan a shafa ruwan bilic, kofi ɗaya a cikin lita 4 na ruwa, kada a wuce haka. A bar shi minti goma, a ɗauraye, a busar da fanka. Kada a kankare ta a bushe, kuma kada a shafa fenti a kanta, zai ɓare. Silin na kwali, soso ko kafet da ta ci sai dai a jefar. A bar tazarar tafin hannu tsakanin kayan ɗaki da bango, kuma kada a shanya wanki a rufaffen ɗaki.

8. Tace iskar

Sai an gama waɗancan ake zuwa nan. Mai sayen na'ura ya nemi mai matatar HEPA, wato matata mai kama ƙananan ɓurɓushin ƙura da hayaƙi, ya kuma duba lambar CADR, wato yawan iskar da take tacewa. Lissafin: tsawon ɗaki sau faɗi sau tsayi, sannan sau 5, don a tace iskar ɗakin sau biyar a awa. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, ya ba da 48. Sau 5 ya zama 240. Ke nan ana neman na'ura mai tace kubik mita 240 a awa. Kafin a biya, a tabbatar ana samun matatar canji a kasuwa. A guji duk na'urar da aka ce tana fitar da iskar ozon, domin ozon kansa yana ƙona hanyar numfashi. Kuma matatar HEPA ba ta kama kabon monoksaid.

Wanda bai da kuɗin wannan zai iya haɗa akwatin Corsi-Rosenthal, dabarar da ta yaɗu a 2020. Ana buƙatar matata huɗu masu lambar MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin tacewarsu), inci 20 da 20, fanka mai kusurwa huɗu, kwali da salatif. A tsayar da matatun su zama bango huɗu, kibiyar da ke jikin kowace tana kallon ciki. A manne kusurwoyin, a rufe ƙasan da kwali, a ɗora fanka a sama tana hurawa sama, a liƙe duk wata kafa. Ta inda aka bar rami, ta nan iska za ta bi ta tsallake matatar. Idan matata ɗaya aka samu, a manne ta a bayan fankar. Tana aiki, sai dai ƙarfin ya ragu, kuma a riƙa taɓa injin don kada ya yi zafi.

Shuke-shuken ɗaki ado ne mai kyau, amma tukunya biyu ko uku ba sa tace iskar ɗaki yadda ake yaɗawa, kuma yawan ban ruwa yana kawo fumfuna.

A ajiye na'urar a ɗakin da aka fi daɗewa, wato ɗakin kwana, nesa da bango da labule da kamar rabin mita, ƙofa da taga a rufe lokacin da take aiki. A cikin hunturu a duba matatar duk wata. Idan ta yi duhu kuma iskar da ke fita ta ragu, a sa takunkumi, a cire ta a waje, a ƙulle a leda, a sa sabuwa. Matatar takarda ba a wanke ta, ruwa yana lalata zarenta.